Sankarar Mafitsara Mai Dawowa: Abin Da Hasken Leza Zai Iya Yi Wa Majinyacin Bauchi, Da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Ma'aikatan tarayya da yawa da ke zaune a Abuja sun san irin wannan kiran waya. Yakan shigo ne bayan sallar isha'i, ko kuwa da sassafe ana shirin kama hanyar Sakatariya daga Kubwa ko Nyanya. Ƙani ne ko ƙanwa daga gida, a Bauchi, da gajeren labari: Baba ya ga jini a fitsarinsa. Babu zafi, babu zazzaɓi, kuma bayan kwana biyu jinin ya ɗauke da kansa. Sai a tura 'yan kuɗi, a sayo maganin sanyi a kemis, hankali ya kwanta. Bayan wata uku ko huɗu jinin ya sake bayyana, wannan karon har da gudaji.

Ba kowane jini a fitsari ne sankara ba. Tsakuwar ƙoda na kawo shi, ƙwayoyin cuta na kawo shi, haka ma kumburin furostet ga dattawa. Amma a wurin likitocin hanyar fitsari, jinin da ke fita ba tare da ciwo ba, musamman ga wanda ya haura shekara 40, ba a yi masa uzuri sai an leƙa cikin mafitsara an gani da ido. Shi ne alamar farko ga mafi yawan masu sankarar mafitsara, kuma ɗaukewar da yakan yi na ɗan lokaci ita ce ke sa a yi sakaci.

Wanda aka gano cutarsa tun tana kan tantanin mafitsara yana da kyakkyawan zaton zai rayu shekaru masu yawa. Sai dai cuta ce mai naci. A cire ta bana, ta tsiro baɗi. Wannan dawowar ce ta sa likitoci a ƙasashe da dama suka koma ƙone ƙananan tsiron da hasken leza, majinyaci na farke, ya tashi ya tafi gida a ranar. Tambayar ita ce: me wannan hanya za ta amfana wa mutumin Bauchi, kuma wane ne ba za ta amfana ba?

Suna ɗaya, cuta biyu

Kafin komai akwai ruɗanin da ya kamata a warware. A rediyo da jaridun Hausa, sau da yawa idan an ce "sankarar mafitsara" ana nufin sankarar furostet ne, wato ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Wadda ake magana a kanta a nan daban ce. Ita tana tsirowa ne a cikin jakar da fitsari ke taruwa, tana kama maza da mata, ko da yake ta fi yawa a maza da kusan ninki huɗu. Gwajinsu daban, maganinsu daban, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, tallafin da gwamnati ta tanadar musu ma daban.

Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum kimanin 614,000 ne suka kamu da sankarar mafitsara a wannan shekara, kimanin 220,000 kuma suka rasu. A Turai da Amurka shan taba ke haddasa kusan rabin masu kamuwa, domin gubar hayaƙin takan bi jini, ƙoda ta tace ta, ta je ta kwanta a mafitsara na tsawon sa'o'i. Sinadaran wasu masana'antu ma suna da hannu. Tun a 1895 wani likitan Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan cutar a tsakanin ma'aikatan masana'antar rinin zamani da ke kusa da Frankfurt.

Bangon mafitsara hawa-hawa ne. Akwai tantani na ciki wanda fitsari ke taɓawa, sai wata siririyar shimfiɗa a bayansa, sannan tsoka mai matse fitsari ya fita. Dukkan hukuncin likita ya rataya ne a kan tambaya guda: tsiron ya taɓa tsokar ko bai taɓa ba? A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, kusan kashi 75 cikin ɗari na majinyata ana gano su ne kafin tsiron ya kai tsoka. Wannan shi ake kira sankarar saman tantani. Yawanci takan fito kamar tuntun hula, da siririn wuya da geza-geza suna kaɗawa cikin ruwa. Idan kuwa ta nutse cikin tsoka, magana ta sauya. A nan sai batun cire mafitsarar gaba ɗaya, ko gashi da na'ura haɗe da magunguna masu ƙarfi, kuma leza ba ta da abin yi.

Me ya sa take dawowa?

Manomi ya san halin ƙiri-ƙiri. A nome shi tas, da ruwa ya sauka ya sake tofowa a wani gefen gonar. Haka wannan cuta take, domin gubar da ta haifar da tsiron farko ta riga ta shafi tantanin mafitsara baki ɗaya. Ƙari a kan haka, lokacin da ake kankare tsiro wasu ƙwayoyinsa kan yi iyo cikin ruwa su maƙale a wani wuri.

Wani babban nazari da ƙungiyar binciken sankara ta Turai ta wallafa a 2006 ya nuna cewa cikin shekara biyar, tsakanin kashi 31 zuwa 78 cikin ɗari na majinyata cutar kan dawo musu, gwargwadon yawan tsiron, girmansa da zafin ƙwayoyinsa. Amma dawowa daban, nutsewa daban. Ga masu tsiro mai sanyin hali, haɗarin ya kai tsoka bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba a mafi sauƙin rukuni. Ga masu tsiro mai zafi kuwa yana iya kaiwa kashi 45.

Saboda haka ne wanda aka yi wa aiki ba ya rabuwa da asibiti. Ana sake leƙa mafitsararsa bayan wata uku. In haɗarinsa kaɗan ne, sai bayan shekara, sannan shekara-shekara har biyar. In haɗarinsa babba ne, duk wata uku har shekara biyu, sannan duk wata shida, sannan sau ɗaya a shekara iya rayuwarsa. Wannan zirga-zirga ce ta sa ake lissafa ta cikin sankarorin da suka fi cin kuɗi idan aka haɗa abin da mutum ɗaya zai kashe daga farko zuwa ƙarshe.

Daga wutar lantarki zuwa haske

Leƙen mafitsara tsohon ilimi ne. Max Nitze, likita Bajamushe, ya gabatar da na'urar leƙen a Biyana a 1879. A 1910 Edwin Beer na birnin New York ya fara zura waya ta cikinta yana ƙone tsiro da lantarki. Daga nan aka samo aikin da har yau shi ne ginshiƙi: a kwantar da majinyaci a ɗakin tiyata, a yi masa allurar barci ko ta baya, a zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe ta hanyar fitsari, a riƙa yanko tsiron sala-sala da zoben waya mai zafi har a kai ga tsoka. Abin da aka yanko sai a aika ɗakin gwaji, inda za a faɗi irin sankarar, zafinta da zurfinta.

Bayan aikin akan zuba magani kai tsaye cikin mafitsara don rage dawowar. Akwai mitomaisin, wanda akan zuba sau ɗaya cikin sa'o'i 24 na farko. Akwai kuma BCG, wato rigakafin tarin fukar nan da ake yi wa jarirai a hannu, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1921. A 1976 Alvaro Morales na Kanada ya nuna cewa in aka zuba shi a mafitsara sau ɗaya a mako har mako shida, yakan tayar da garkuwar jiki ta far wa ƙwayoyin sankarar. Har yau shi ne babban makami ga tsiro mai zafi, ko da yake duniya na fama da ƙarancinsa tun 2012, lokacin da wata babbar masana'antarsa a Toronto ta dakatar da aiki.

Aikin kankarewar yana da nasa nauyi. Yana buƙatar likitan barci, gado, robar fitsari ta kwana ɗaya ko fiye, wani lokaci har da ƙarin jini. Akwai kuma wata jijiya da ke bi ta gefen mafitsara zuwa cinya, wadda in lantarkin ya taɓa ta ƙafar majinyaci kan yi zillo ba zato, har wayar ta huda bangon. Ga saurayi mai ƙarfi, a yi masa wannan sau ɗaya ba wani abu ba ne. Ga dattijo ɗan shekara 75 mai hawan jini da ciwon suga, a riƙa sa shi barci duk bayan wata takwas saboda tsiron da bai kai ƙwayar wake ba, wannan nauyi ne da kan fi cutar kanta haɗari.

Leza haske ne da aka tattara wuri ɗaya, launi ɗaya, yana tafiya a miƙe. Theodore Maiman ne ya ƙera ta farko a Amurka a 1960. A shekarun 1970 likitoci a birnin Munich na Jamus suka fara gwada ta a kan tsiron mafitsara. Irin da suka yi amfani da ita zafinta kan nutsa milimita da dama cikin nama, alhali bangon mafitsara kaurinsa 'yan milimita ne, don haka akwai fargabar ƙone hanjin da ke bayanta. Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan lezar holmiyam, daga baya kuma ta tuliyam. Ruwa yana shanye haskensu nan take, saboda haka zafin holmiyam ba ya nutsawa fiye da rabin milimita, na tuliyam ma bai kai haka ba. Tun da mafitsara cike take da ruwa lokacin aikin, hasken kan ci abin da ke gabansa kawai.

Yadda aikin ke gudana

Majinyaci kan zo kamar mai zuwa ganin likita, galibi ba tare da azumin tiyata ba. Za a gwada fitsarinsa a tabbatar babu ƙwayoyin cuta. Sai a matsa masa man kashe zafi a hanyar fitsari, wani lokaci a zuba ruwan maganin cikin mafitsarar ma. Likita zai zura siririn bututu mai lanƙwasa, mai kyamara a bakinsa, yana kallon komai a allo. In akwai buƙata zai tsinko ɗan nama don gwaji. Daga nan zai tura zaren gilashi, wanda bai fi igiyar ƙugiyar kamun kifi kauri ba, ya saita shi a kan tsiron, ya taka maɓalli da ƙafa. Gezar takan yi fari ta narke, hasken kuma yana toshe ƙananan jijiyoyin jini yana tafiya. Kowa a ɗakin yana sanye da tabarau na kariya. Yawanci cikin rabin sa'a an gama. In majinyaci ya yi fitsari lafiya, sai gida, ba roba.

Amfanin a fili yake. Babu allurar barci, babu gado. Babu lantarkin da zai sa ƙafa zillo. Jini kaɗan ne, har ma masu shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sau da yawa ba sai sun daina sha ba. Abin da kan biyo baya shi ne raɗaɗin fitsari na kwana ɗaya ko biyu, ɗan jini-jini, wani lokaci kuma ƙwayoyin cuta su shiga.

Akwai kuma wata hanyar ta daban da ake amfani da leza a ɗakin tiyata, inda ake zagaye gindin tsiron a ɗago shi ɗungurungum maimakon yanka shi sala-sala. Wannan tana ba ɗakin gwaji nama mai kyau, amma ita tana buƙatar allurar barci kamar tsohon aikin.

Abin da bincike ya tabbatar

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin kalmar leza tana da farin jini, kuma masu tallan asibitocin ƙetare sun san haka. A 2019 hukumar NICE ta Ingila, mai tantance hanyoyin magani, ta duba wannan aiki ga sankarar saman tantani mai dawowa. Ta ce babu wata babbar barazana ga lafiyar majinyaci, amma hujjojin da ke nuna ingancinsa ba su da ƙarfi sosai, don haka a riƙa yin sa ƙarƙashin sa ido na musamman, a yi wa majinyaci cikakken bayani, a kuma riƙa tattara sakamako.

Daga baya hujja ta ƙaru. A 2023 likitoci a Denmak suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da majinyata kimanin 200 masu tsiro mai sanyin hali da ya dawo. Sun raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ƙone musu da leza suna farke, wasu aka kankare musu a ɗakin tiyata. Da aka leƙa bayan wata huɗu, leza ba ta gaza tsohon aikin ba, masu ita sun fi samun sauƙin jiki, kuma kusan dukkansu sun ce ita za su sake zaɓa.

Sai dai a lura da waɗanda aka yi gwajin da su. Mutane ne da aka riga aka yi musu aikin farko, aka san irin sankararsu, aka tabbatar mai sanyi ce kuma ba ta taɓa nutsewa ba. Leza tana ƙone nama ne ya zama tururi, abin da ya ƙone kuwa ba ya zuwa ɗakin gwaji. Wanda aka ƙone masa tsiron farko ba tare da an san zurfinsa ba, an share masa alama ne an bar cutar a ƙasa. Haka kuma ba ta dace da babban tsiro ba, ba ta maye gurbin BCG ga tsiro mai zafi, kuma ba ta hana wani sabo fitowa. Wanda aka yi masa zai ci gaba da zuwa leƙe kamar kowa. Ga tsiro ƙanana ƙwarai, ƙonawa da 'yar wayar lantarki ta cikin bututun mai lanƙwasa ma hanya ce da aka daɗe ana bi, kuma ta fi araha.

Bauchi da inuwar tsargiya

Duk abin da aka faɗa a sama an gina shi ne a kan majinyacin Turai. Majinyacin Arewacin Najeriya sau da yawa labarinsa daban ne, kuma dalilin yana kwance a cikin kududdufai, fadamu da magudanan noman rani.

Tsargiya cuta ce da tsutsa ke haddasawa. Tana girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka, mai wanki, masunci ko manomin shinkafa, ta je ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwayayen da suka maƙale a bango su ke kawo gyambo da jini, shekara da shekaru. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a wani asibitin Alƙahira a 1851. A 1911 wani likita a birnin, A. R. Ferguson, ya danganta ta da sankarar mafitsara, kuma a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Jihar Bauchi ƙasar ruwa da noma ce. Kogin Gongola ya ratsa kudancinta, kogin Jama'are ya shimfiɗa fadamu a arewacinta, ga madatsun ruwa da kududdufan da damina ke bari a bayan gari. Yaron da ya tashi yana ninƙaya a irin waɗannan wurare, in ya fara fitsarin jini, a wasu ƙauyuka ba a ɗaukar abin cuta, har akan ce alamar balaga ce. Yaron nan shi ne zai zama dattijon da idan ya ga jini yana ɗan shekara 50 zai ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa.

Sankarar da tsargiya ke haifarwa iri ce dabam da wadda taba ke kawowa. Takan zo da ƙarancin shekaru, ba ta cika yin tuntu a saman tantani ba, tana nutsewa cikin tsoka da wuri, kuma ba ta cika jin magani ko gashi ba. Nazarin da likitocin Kano suka wallafa a 2003 ya nuna cewa irin wannan ce ta fi rabin sankarorin mafitsara da suka gwada. Na Sakkwato, wanda ya fito a 2007, ya samu kusan kashi biyu cikin uku. Ma'anar wannan a bayyane take: mafi yawan waɗanda ke isa asibitocin koyarwa na Arewa da wannan cuta sun riga sun wuce matakin da leza za ta yi musu amfani.

Amma tarihin Masar na nuna cewa wannan hoto yana sauyawa. A cibiyar sankara ta ƙasa da ke Alƙahira, irin ta tsargiya ta kai kashi 78 cikin ɗari a 1980. Bayan shekaru ana rabon magani, zuwa 2005 ta sauko zuwa kashi 27, irin ta taba ta zama mafi rinjaye. Najeriya ma tana rabon ƙwayar firazikwantal ga 'yan makaranta, wadda ake samu kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma burin duniya shi ne a kawar da tsargiya a matsayin matsalar lafiyar al'umma nan da 2030. In wannan ya yi nasara, alhali sigari da shisha na nan a hannun matasa, to majinyacin da zai riƙa zuwa asibitin Bauchi nan gaba shi ne mai tsiron saman tantani mai dawowa.

Lissafin na'ura, wuta da ma'aikata

Babban asibitin da ke ɗaukar wannan nauyi a birnin shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2010 a harabar tsohon Asibitin Ƙwararru na jihar. Nan ake turo majinyata daga Dass, Toro, Alƙaleri, Ningi da sauran ƙananan hukumomi. Ga irin wannan asibiti, hujjar mallakar leza ba ta tsaya kan sankarar mafitsara kaɗai ba. Na'urar holmiyam guda ita ke farfasa tsakuwar ƙoda da ta mafitsara, ita ke buɗe hanyar fitsarin da ta tsuke, kuma mai ƙarfinta na ɓare kumburarren furostet. A yankin da zafi ke da tsanani kuma tsakuwar ƙoda ta zama ruwan dare, na'urar ba za ta rasa aiki ba. Duk ƙaramin tsiron da aka ƙone a ɗakin leƙe kuma, gado ne da lokacin tiyata aka bar wa mai babbar lalura.

Sai dai duk wanda ya taɓa duba takardun sayen kayan asibiti ya san inda gizo ke saƙa. Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Zaren gilashin yana ƙarewa, kuma da dala ake sayo shi. Bututun leƙe mai lanƙwasa abu ne mai laushi, yana son wanki na musamman bayan kowane majinyaci, in ya lalace kuwa gyaransa sai an fitar da shi. Na'urar tana son wuta tsayayya, kuma ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka yi kwanaki cikin duhu. Fiye da duka, ana buƙatar mutane: likitan hanyar fitsari, ma'aikatan jinya da suka ƙware, da likitan gwajin nama wanda shi ke faɗin wa ya cancanci leza, wa bai cancanta ba. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi kansa ɗan Misau ne a Jihar Bauchi, ya bayyana a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi sosai amma aka fi sakaci da shi, wato rajistar da za ta riƙa tuna wa majinyaci cewa wata ukunsa ya cika. In babu wannan, mutum kan ji ya warke ya ɓace, sai bayan shekara biyu ya dawo cutar ta nutse.

Wa zai biya?

A nan ne ruɗanin sunan nan ke iya jefa iyali cikin takaici. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara aiwatarwa a 2021 an buɗe shi ne da sankara uku: ta mama, ta bakin mahaifa da ta furostet. An soma da asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya, kuma na Arewa maso Gabas shi ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kimanin kilomita 150 daga Bauchi. Wanda ya ji a rediyo cewa asusun ya ƙunshi "sankarar mafitsara" ya sani cewa ta furostet ake nufi. Masu tsiro a cikin jakar fitsari ba sa cikin waɗancan ukun.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshora ga kowa. Amma tsarin ma'aikacin tarayya ya ƙunshi shi kansa, matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Baba da Inna da ke Bauchi ba sa ciki sai an yi musu rajista ta daban, su kuwa su ne a shekarun kamuwa da cutar. Yin wannan rajista tun ana lafiya ya fi neman gudummawa a ofis bayan sakamako ya fito.

Ga masu rubuta takardun shawara da masu tsara kasafi, akwai gurabe a fili. Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, ita ke jan ragamar tsarin yaƙi da sankara. Cutar da ta fi addabar manoma da masunta na Arewa ta cancanci a yi maganarta idan ana batun faɗaɗa asusun. Haka kuma tsarin da ya fi ma'ana shi ne a fara da tushe: maganin tsargiya ya isa kowace makaranta da tsangaya, babban asibitin kowace shiyya ta jihar ya iya leƙa mafitsara, ɗakin gwajin nama ya riƙa ba da sakamako cikin kwanaki, sannan leza ta zo ta sami waɗanda za ta yi wa aiki.

In kiran ya shigo

Ga iyalin da abin ya shafa, tambayoyin da za a yi wa likita ba su da yawa. Wace irin sankara ce gwajin nama ya nuna? Ta taɓa tsoka ko ba ta taɓa ba? Mai sanyi ce ko mai zafi? Za a zuba magani a mafitsara bayan aikin? Yaushe ne leƙe na gaba? In tsiro ya dawo kuma ƙarami ne, ana iya tambaya ko za a ƙone shi majinyaci na farke, a nan ko a wani asibitin da za a tura shi. Duk wanda ya yi alƙawarin warkar da cutar da leza kafin ya ga takardar gwajin nama, a yi hattara da shi, ko a Abuja yake ko a Indiya. Takardar nan a adana ta, a ɗauki hotonta a waya, domin duk likitan da za a je wurinsa ita zai fara nema. Mai shan taba kuma ya ajiye, domin ci gaba da sha na ƙara yiwuwar dawowar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin dattijon da za a ƙone masa tsiro cikin rabin sa'a ya koma gida ya yi sallar la'asar a masallacin unguwarsu, da wanda za a ce sai an cire masa mafitsara, sau da yawa bambancin yana komawa ne ga abin da aka yi a daren da aka fara ganin jinin. Idan wayar ta yi ƙara daga gida, a ce a kai Baba asibiti a leƙa, ko da jinin ya riga ya ɗauke.